Malale, Yayyafi ko Ɗiga: Wace Hanyar Ban Ruwa Ce Ta Dace da Gonar Kasuwanci?

Duk wanda ya ɗauki noma a matsayin kasuwanci, yana zuba jari yana kuma lissafin riba da faɗuwa, wata rana sai maganar ruwa ta tsaya masa a gaba. Ko dai rijiyar da yake ja ta fara yin ƙasa, ko kuɗin man inji ya fara cinye ribar, ko kuma hukuma ta ƙayyade abin da zai ɗiba daga kogi. A irin wannan lokaci ne masu sayar da kayan ban ruwa suke zuwa da alkawura, kowa yana cewa nasa ne maganin matsalar. Manyan hanyoyin da ake zaɓa a cikinsu uku ne: ban ruwa na malale, inda ake sakin ruwa ya bi fuskar ƙasa cikin fangali ko kwarin kunya, ban ruwa na yayyafi, inda ake fesa shi daga sama ya sauko kamar ruwan sama, da ban ruwa na ɗiga, inda siririn bututu yake zubar da shi kaɗan-kaɗan a gindin kowace shuka.

Dalilin da ya sa zaɓin ya wuce aljihun mai gona shi kaɗai a bayyane yake. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa noma ne ke cin kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan daɗin da ɗan Adam yake ɗiba daga koguna, tafkuna da ƙarƙashin ƙasa, kuma gonakin da ake yi wa ban ruwa, waɗanda ba su wuce kashi 20 cikin 100 na ƙasar noma ba, su ne ke samar da kusan kashi 40 cikin 100 na abincin duniya. Saboda haka idan ruwa ya yi ƙaranci a wani yanki, wajen manomi ake fara kallo.

Kafin a shiga kwatance, akwai lissafi ɗaya da ya kamata mai gona ya riƙe a ka. Ruwa mai zurfin milimita ɗaya a kan hekta ɗaya daidai yake da lita 10,000. Shukar da take buƙatar milimita 600 daga dashe zuwa girbi, kamar yadda tumatir ko masara kan buƙata a wurare da dama, tana shan lita miliyan 6 a kowace hekta. Wannan shi ne abin da shukar da ƙasar da ke kewaye da ita suke sha su fitar zuwa iska, kuma babu wata na'ura da za ta rage shi sosai ba tare da amfanin ya ragu ba. Abin da hanyoyin nan uku suka bambanta a kansa shi ne yawan ruwan da za a zuba kafin lita miliyan 6 ɗin nan ta isa saiwa. A ƙiyasin FAO, malale yana kai kimanin kashi 60 cikin 100 na abin da aka zuba, yayyafi kashi 75, ɗiga kuma kashi 90. Idan aka buga lissafin, mai malale zai ja lita miliyan 10, mai yayyafi miliyan 8, mai ɗiga kuma kusan miliyan 6 da dubu 700. Waɗannan alƙaluma matsakaita ne na tsara aiki, domin gonar malale da aka kula da ita tana iya fin gonar ɗiga da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Malale: tsohuwar hanyar da ake rainawa

Mafi yawan gonakin ban ruwa a duniya har yau da malale ake shayar da su, kuma dalilin ba jahilci ba ne. Hanya ce da ba ta buƙatar matsin ruwa, domin da zarar ruwan ya hau bakin gona gangara ce ke kai shi, don haka kuɗin mai ko lantarki bai wuce na ɗago shi daga kogi ko rijiya ba. Ba ta damu da ruwa mai laka ko gansakuka ba, ba ta da wani sashe da zai lalace a jira shi daga wata ƙasa, kuma ma'aikacin da ya iya riƙe fartanya zai iya koyon ta cikin 'yan kwanaki. Ga shinkafa da ake dasawa cikin ruwa, da kuma ƙasa mai laka wadda take shan ruwa a hankali, milimita 1 zuwa 5 kacal a sa'a, da wuya a sami abin da ya fi ta dacewa.

Aibinta yana wurare uku. Na farko shi ne hanyar da ruwan yake bi kafin ya iso: magudanar ƙasa wadda ba a daɓe ba tana tsotse wani kaso mai yawa, musamman idan doguwa ce kuma ta ratsa rairayi. Na biyu shi ne rashin daidaiton fili, inda tudu yake zama da ƙishirwa, kwari kuma ya jiƙe har saiwa ta ruɓe, shi kuwa mai ban ruwa dole ya ci gaba da zubawa har sai tudun ya samu. Na uku shi ne tsawon kwarin kunya: farkon layi yana shan ruwa tun daga lokacin da aka buɗe, ƙarshensa kuma sai daga baya, saboda haka a ƙasa mai yashi, wadda take iya haɗiye fiye da milimita 30 a sa'a, ruwan farkon layi yakan wuce saiwa ya nutse tare da takin da aka saya da tsada.

Abin lura shi ne kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana da magani mai sauƙin kuɗi idan aka kwatanta da sauya tsarin gaba ɗaya. Ana maye gurbin magudanar ƙasa da bututu ko tiyo, ana baje fili ya daidaita, a manyan gonaki da tarakta mai na'urar leza, ana gajarta layuka, a kuma riƙe gangarar kwarin kunya kada ta wuce rabin mita a cikin mita 100, ana kuma tare ruwan da ya fita ta ƙarshen gona a wani rami a sake mayar da shi. A gonar shinkafa akwai dabarar da Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya, IRRI, da ke ƙasar Filifin ta yaɗa, wadda ake jiƙa fangali a bar shi ya ɗan bushe kafin a sake jiƙawa. Kayan aikinta guntun bututu ne mai tsawon kimanin santimita 30 da aka huhhuda, a kafa shi cikin fangali a kwashe ƙasar da ke cikinsa. Mai gona yana leƙawa kullum, idan ruwan cikin bututun ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar ƙasa sai a sake cika fangalin zuwa kimanin santimita 5, amma a lokacin da shinkafar take fure a bar ruwan a tsaye. Wannan yana iya rage ruwan da ake zubawa har kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da amfani ya ragu ba, yana kuma rage methane, iska mai ɗumama duniya, da fangalin shinkafa yake fitarwa. A ganina, mai gonar da bai gwada waɗannan gyare-gyare ba bai kai matsayin cewa malale ya gaza masa ba.

Sai dai kada a manta cewa malale da aka saki ba linzami ya taɓa yin ɓarna mafi girma a tarihin ban ruwa. Tun daga shekarun 1960 aka karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya zuwa gonakin auduga a tsakiyar Asiya ta manyan magudanan da yawancinsu ba a daɓe ba, sai tafkin Aral, wanda a da shi ne na huɗu a girma a duniya, mafi yawansa ya ƙafe ya bar fili mai gishiri, gonakin kansu kuma gishiri ya taso musu daga ƙasa saboda yawan jiƙawa ba tare da hanyar tsane ruwa ba.

Yayyafi

Yayyafi yana da amfani a daidai inda malale yake da rauni, wato ƙasa mai yashi da fili mai tudu da kwari wanda baje shi zai ci kuɗi ko ya kwashe ƙasar sama mai albarka. Yana ba da dama a zuba ruwa kaɗan, milimita 10 ko 15, abin da malale ba ya iyawa, kuma wannan yana da muhimmanci lokacin tsirowar ƙananan iri da kuma ga amfanin da ake shukawa a cunkushe, kamar alkama, karas da ciyawar dabbobi, inda shimfiɗa bututun ɗiga ga kowane layi zai yi tsada ƙwarai. Nau'o'insa sun fara daga bututun da ma'aikata ke ɗagawa su matsar da hannu har zuwa doguwar na'ura mai tayoyi da ke zagaye tsakiyar gona, wadda wani manomi a Amurka mai suna Frank Zybach ya sami rajistar ƙirƙirarta a 1952, kuma ita ce ke zana koren da'irorin da ake gani daga jirgin sama. Na'ura guda tana iya shayar da hekta 50 da mutum ɗaya, don haka inda ƙwadago yake da tsada kuma fili yake da faɗi, da wuya a ture ta.

Kuɗin da ake biya a nan na makamashi ne. Kawunan fesawa na yau da kullum suna son matsin da ya kai na ruwan da aka ɗaga sama mita 20 zuwa 40, kuma wannan matsin famfo ne zai samar da shi a kowace sa'a ta aiki, ban da ɗago ruwan daga rijiya. Iska ma abokiyar gaba ce, domin tana karkatar da feshin ta bar wani gefe a bushe, ga zafin rana yana ɗauke wani kaso kafin ya sauka, shi ya sa ake fifita yin aikin da dare ko da sassafe. Jiƙa ganye kuma yana buɗe ƙofa ga cututtukan fumfuna a tumatir da dankali, idan kuwa ruwan yana da gishiri-gishiri yakan ƙona ganyen. Akwai ƙa'ida ɗaya da ake yawan karyawa: saurin zubar ruwan kada ya wuce saurin da ƙasa take sha. Idan aka ga ruwa ya fara taruwa yana gudu a gonar yayyafi, to an biya kuɗin matsi ne kawai don a sake yin malale.

Ɗiga, da abin da ba a faɗa wa mai saye

Ban ruwa na ɗiga a siffarsa ta zamani ya samo asali ne daga aikin injiniya Simcha Blass a Isra'ila, inda aka kafa kamfanin Netafim a 1965 a hamadar Negeb. Tsarinsa shi ne bututu mai ƙananan kafofi, kowace tana zubar da lita 1 zuwa 4 a sa'a, ta jiƙa gindin shuka ta bar tsakanin layuka a bushe. Daga nan ne duk fa'idojinsa suke fitowa: ƙasar da rana ke busarwa ta ragu, ciyawa ta ragu, ganye ba ya jiƙa, ana iya shiga gona a yi feshi ko tsinka alhali ana ban ruwa, kuma ana iya narka taki a tura shi cikin bututun ya isa saiwa kaɗan-kaɗan a lokacin da ake buƙata. Matsin da yake so bai kai na yayyafi ba, kimanin na mita 10, har ma akwai ƙananan nau'o'in da tankin da aka ɗora sama mita 1 ko 2 yake isar su. Ga kayan lambu, itatuwan 'ya'ya, inabi da rake, sau da yawa ƙarin amfani da kyawunsa ne suke mayar da jarin, fiye da ragin ruwan.

Amma ɗiga tsari ne mai son kulawa kullum, kuma a nan ne gonaki da yawa suke faɗuwa. Kafar da ruwan yake fita ta ciki 'yar mitsitsiya ce, don haka abu kaɗan ne yake toshe ta: yashi daga rijiya, gansakuka daga tafki, tsatsar ƙarfen da ke narke a wasu ruwayen ƙarƙashin ƙasa, ko farin dutsen da ruwa mai nauyi, wato mai yawan sinadarin alli a narke, yake bari. Kowane ɗaya da irin matatar da ta dace da shi da kuma maganinsa, ruwan tafki yana son matatar yashi, farin dutse yana son a riƙa wanke layuka da asid mai rauni, gansakuka kuma da kulorin. Dole a sami wanda aikinsa ne ya duba ma'aunin matsi kafin matata da bayanta, ya wanke ta idan bambancin ya yi yawa, ya buɗe ƙarshen layuka lokaci-lokaci har sai ruwan ya fito garau, ya kuma bi layi-layi yana neman inda ɓera ya tauna ko fartanya ta yanke. Toshewar ba ta da hayaniya. Ba a ganin ta sai shuka ta yi yaushi, kuma da yake saiwar shukar ɗiga tana taruwa ne a ɗan wurin da ake jiƙawa, kwana biyu ko uku na lalacewar famfo a tsananin zafi sun isa su yi ɓarnar da gonar malale za ta jure.

Akwai gwaji mai sauƙi da ya kamata ya zama al'adar gonar. A ɗauki ƙananan kofuna iri ɗaya a sa ƙarƙashin kafofi a farkon layi, tsakiya da ƙarshe, a layukan kusa da famfo da na nesa, a bar su minti biyar, sannan a jera su a duba. Idan wasu sun kusa cika wasu ko rabi ba su kai ba, to kashi 90 ɗin da ke cikin takardar talla ba ya gonar, domin mai gona zai tsawaita ban ruwa saboda masu ƙishirwa, sauran kuma su sha fiye da kima. Irin wannan gwaji ana yin sa a gonar yayyafi da gwangwanaye da aka jera tsakanin kawunan fesawa.

Sauran abubuwa biyu su ne gishiri da roba. Ɗiga yana tura gishirin ruwa zuwa gefen wurin da yake jiƙawa, har a ga farin zobe a kan ƙasa, kuma ɗan ruwan sama kaɗan yana iya wanko shi ya shigar da shi cikin saiwa, shi ya sa masu gogewa suke kunna ɗigar a lokacin irin wannan ruwan, su kuma yi wa gonar wankin gishiri da ruwa mai yawa tsakanin shuka da shuka inda damina ba ta isa ta yi aikin ba. Siririn bututun da ake sa wa kayan lambu kuma ba ya wuce kaka ɗaya zuwa uku, don haka sayensa kuɗi ne mai dawowa, ga tulin robar da za a rasa inda za a kai. Mai kauri yana shekaru, amma jarinsa ya fi nauyi.

Ina ruwan da aka rage yake tafiya?

Wannan ita ce tambayar da ta raba ribar gona ɗaya da ɗorewar ruwan yanki, kuma mai gonar da ke son rijiyarsa ta kai 'ya'yansa ya kamata ya tsaya a kanta. A koma lissafin farko. Mai malale ya ja lita miliyan 10, shuka ta sha miliyan 6, saura miliyan 4. Wani ɓangare na wannan saura ya tafi iska ko ya faɗa cikin ruwa mai gishiri inda ba zai ƙara amfani ba, amma a wurare da yawa babban ɓangarensa yana nutsewa ya koma cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa ko ya gangara kogi, inda maƙwabci na ƙasa yake ɗibarsa. Yanzu mai gonar ya sa ɗiga, ya ga cewa lita miliyan 10 ɗin nan za ta ishi hekta ɗaya da rabi, sai ya faɗaɗa gonar, kamar yadda kowane ɗan kasuwa zai yi. Abin da yake ja bai canja ba, amma abin da shukarsa take sha ya tashi daga miliyan 6 zuwa miliyan 9, abin da yake komawa ƙasa kuma ya sauka daga miliyan 4 zuwa miliyan 1. Gonar ta ƙara riba, ruwan yankin kuwa ya ƙara saurin ƙarewa.

Ba hasashe ba ne wannan. Wani rahoton FAO na 2017 da ya duba ƙasashe da dama ya nuna cewa sauyawa zuwa ban ruwa na zamani sau da yawa yana ƙara yawan ruwan da amfanin gona yake cinyewa, sai fa inda aka ƙayyade rabon ruwa tun da farko. A Maroko, shirin bunƙasa noma da aka ƙaddamar a 2008 ya ba da tallafi mai yawa ga ɗiga, amma ruwan ƙarƙashin ƙasa a yankuna irin su Sus ya ci gaba da sauka yayin da gonakin 'ya'yan itace da kayan lambu suka faɗaɗa. Saudiyya ta noma alkama a hamada da na'urorin yayyafi masu zagaye, tana jan tsohon ruwan ƙarƙashin ƙasa da ba ya sabuntawa, har a 2008 gwamnati ta yanke shawarar janye sayen alkamar gida, aka kammala janyewar a 2016. Ingancin na'ura bai hana hakan ba, domin matsalar tana ga yawan abin da ake shukawa a inda ruwan ba ya dawowa.

Ma'anar wannan ga gonar kasuwanci ita ce a fara da sanya wa kai iyaka. A kafa mitar ruwa a bakin kowane famfo, a riƙa auna zurfin ruwan rijiya a lokaci guda kowace shekara ana rubutawa, a kuma yanke tun kafin a sayi sabon tsari cewa wani kaso na ragin zai zauna a ƙasa. Wanda bai yi da kansa ba, wataƙila doka ta yi masa: jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa dokar kula da ruwan ƙarƙashin ƙasa a 2014, Ostareliya ta amince da tsarin rabon ruwan kogunan Murray da Darling a 2012, jihar Punjab ta Indiya kuma tun 2009 ta hana dasa shinkafa kafin ranar da hukuma ta tsayar, don a kauce wa watannin da zafi ya fi shan ruwa.

Maganar famfo mai aiki da hasken rana ma a nan take shiga. Yana cire kuɗin mai, wanda babban sauƙi ne, kuma ya fi dacewa da ɗiga saboda ƙarancin matsin da take so, musamman idan aka haɗa da tanki a sama. Sai dai kuɗin man nan shi ne yake sa mutum ya kashe inji, kuma idan ya tafi babu abin da zai hana a bar famfo yana zuba daga hantsi zuwa la'asar. Famfon rana ba tare da mita da jadawali ba yana iya zama mafi saurin hanyar busar da rijiya. Tafkin tara ruwan sama kuma yana rage dogaro ga rijiya, amma a wuri mai zafi da bushewa rana tana iya ɗauke zurfin mita 2 a shekara, don haka mai zurfi da ƙaramin baki ya fi mai faɗi marar zurfi.

Yadda za a yanke shawara

Tambayoyin da za su raba gardama ba su da yawa, kuma ƙasa ce ta farko. Yashi yana riƙe ruwa kaɗan, milimita 25 zuwa 100 a kowace mita ta zurfi, laka kuma tana iya riƙe 175 zuwa 250, saboda haka yashi yana son ruwa kaɗan a kai a kai, abin da ɗiga da yayyafi suka ƙware a kai, laka kuma tana karɓar mai yawa jefi-jefi, wanda shi ne halin malale. Sai amfanin gona: shinkafar fangali ta malale ce, alkama da ciyawar dabbobi a fili mai faɗi na yayyafi ne ko malale mai kyau, kayan lambu masu daraja da itatuwa kuma su ne suka fi iya biyan kuɗin ɗiga. Sai ruwan kansa, wanda ya wajaba a kai ɗakin gwaji a san gishirinsa, ƙarfensa da nauyinsa kafin a sa hannu a kowace takarda. Akwai kuma yanayin samunsa: gonar da ruwa yake zo mata daga babbar magudana sau ɗaya a mako ba za ta iya ɗiga ba sai ta gina wurin ajiya, domin ɗiga kusan kullum take son a kunna ta. Daga ƙarshe sai mutane da kayan gyara, wato ko akwai ma'aikacin da zai zauna da tsarin, ko kuma za a sami matata da mahaɗin bututu cikin kwana ɗaya idan suka lalace.

Idan kuɗi ba su da yawa, ni dai ga jerin da zan bi. A fara da mita da gyaran yoyo, sannan a kai ruwa bakin gona cikin bututu, a daidaita fili, a rufe ƙasa da karmami ko ragowar amfanin gona don rage bushewa, a kuma ƙara mata takin gargajiya domin ta riƙe danshi. Bayan haka a gyara lokacin ban ruwa, wanda a gonaki da yawa ya fi kowace na'ura tasiri, domin yawancin masu ban ruwa da kalanda suke aiki ko da tsoro, ba da buƙatar shuka ba. Akwai na'urorin auna danshi da ake binnewa kusa da saiwa, amma ko babu su, a haƙa rami kwana ɗaya bayan ban ruwa a ga inda jiƙar ta tsaya: idan ta zarce ƙarshen saiwa da nisa an yi ɓarna, idan ba ta kai rabi ba an yi rowa. A damƙi ƙasar wajen saiwa a tafin hannu, wadda ta dunƙule ta bar laima tana da sauran kwana, wadda ta warwatse ta nemi ruwa.

Sai bayan waɗannan ne sayen sabon tsari yake da ma'ana, kuma ko a nan bai kamata a juya gonar gaba ɗaya a shekara guda ba. A ware wani yanki, a sa masa mitarsa, a shuka iri ɗaya da na yankin da aka bari a tsohuwar hanya, a rubuta ruwa, mai, taki, ƙwadago da abin da aka girba har kaka biyu, a kuma raba kuɗin kayan a kan shekarun da za su yi da gaske. Lissafin da za a duba shi ne kilo nawa aka samu daga kowace lita 1,000, da kuma riba nawa ta rage bayan an cire komai. Gonaki da yawa sukan ƙare da haɗa biyu ko ma ukun, ɗiga a lambu da itatuwa, yayyafi a wajen reno da tsiro, malale da aka gyara a fangalin laka, dukkansu a ƙarƙashin iyakar ruwa guda da aka tsayar wa gonar a shekara.